Naman daji na wa ne? Farautar ɓoye, yunwa da hukuncin sarakunan da

Mushe Laminu (Birni):
Assalamu alaikum ƴan uwa. Shekaranjiya a hanyar Mirya na ga abin da ya hana ni sukuni. Wani yaro ne da ƙyar in ya kai shekara 15, ya ɗaure zabin daji biyu da zomo ɗaya a bayan keke, wasu masu kaki suka tare shi. Sun karɓe naman, sun zare igiyar tarkon da ke aljihunsa, shi kuwa sai rantsuwa yake yi cewa mahaifiyarsa ce kwance, kuɗin magani yake nema. Ban ga ƙarshen abin ba, direbanmu ya ja mota.

Tun daga nan hankalina ya koma kan tarihin da nake karantarwa. A Ingila, shekara ta 1671, an yi doka cewa ba mai ikon farautar zomo ko fakara sai wanda ƙasarsa ke kawo masa fam 100 a shekara. Ɗan ƙwadagon gona a zamanin ko fam 20 ba ya samu. Ƙaramin manomi yana kallo zomo na cin shukarsa a cikin gonarsa ta gado, in ya kashe shi ya yi laifi. A 1723 kuma aka ƙara wata da ake kira Baƙar Doka, saboda wasu mafarauta da ke shafa baƙi a fuska su shiga dajin Windsor da na yankin Hampshire da dare. Dokar nan ta ɗora hukuncin kisa a kan laifuffuka wajen 50. In aka gan ka a daji da makami ka ɓad da kama, rataya ce, ko ba ka harbi komai ba. Sai da ta shekara 100 tana aiki.

Tambayata gare ku: mutumin da yunwa ta kora daji ya kamo abin da ba wanda ya kiwata, ɓarawo ne? Kuma a nan Damagaram yaya kakanninmu suka ɗauki wannan al'amari?

Abdu Magarya:
Wa alaikumus salam Mushe. Rataya a kan barewa? Subhanallahi. To su manyan me suke yi da naman, yunwa suke ji?

Mushe Laminu (Birni):
Ko kusa, Abdu. Nishaɗi ne da nuna isa. Kuma abin ya girmi 1723 nesa. Sarki Wiliyam da ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ya keɓe dazuzzuka ya ce nasa ne, wanda ya kashe barewar sarki a ƙwaƙule masa ido. Sai a 1217 aka rubuta yarjejeniyar daji da ta ce ba za a ƙara kashe mutum ko a yanke masa gaɓa saboda naman sarki ba, sai tara, in ba shi da abin biya ya yi shekara ɗaya da kwana ɗaya a kaso. Ku duba fa, bayan shekara 500 da wannan sassauci aka sake komawa igiya. Da yaƙin Napoleon ya ƙare a 1815, sojoji suka dawo gida ba aiki, burodi ya yi tsada, farautar dare ta ƙaru. Maimakon a duba cikin talaka, a 1816 sai aka ce wanda aka kama da dare a kore shi daga ƙasa shekara 7, akasari zuwa Ostareliya. Masu gandu har tarkon ƙarfe mai haƙora suke binnewa don ya datse ƙafar mutum, da bindigar da ke tashi da kanta in ka taka igiya. Sai 1827 aka hana waɗannan.

Ɗan Baka (Tanut):
Mushe ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kakana sarkin baka ne a wani ƙauye arewa da Tanut, a hannunsa na tashi. Mu a wurinmu daji ba na sarki ba ne, amma kuma ba sakaka yake ba. Maharbi ba ya fita sai ya sanar da sarkin baka. Da damina ta sauka ana rataye kwari da baka, don lokacin haihuwar namun daji ne, kuma kowa na gona. Barewa mai ciki ko mai shayarwa ba a harbinta, wanda ya yi kuwa maharba ƴan uwansa ne za su hukunta shi, su ƙi fita da shi, su ƙi cin namansa. In an kashe babbar dabba ana kai cinya gidan maigari, a ba tsofaffin mata da marayu, sauran mai harbi ya yi yadda ya so.

Na taɓa binsa ina yaro. Ya ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe da baƙin zane, ya durƙusa yana tafiya yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo. Tun hantsi yake rarrafe a cikin ƙarangiya har rana ta take, gwiwoyinsa duk jini, kafin ya kai inda kibiya za ta isa. Barewa ɗaya ya samu ranar. Wanda ke shan wannan wuya kafin ya samu ɗaya, ta yaya zai ƙarar da daji? Shi ya sa ake cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Isufu Tsohon Gandun Daji:
Ku yi mini haƙuri zan shigo da maganar da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Shekara 31 na yi ina aikin gandun daji, daga Gure har Matamai. Ɗan Baka, abin da ka faɗa game da kakanka gaskiya ne, na tarar da irinsu. Amma zamanin da mutane ba su da yawa ne. Lokacin da muka samu ƴancin kai a 1960 duk ƙasar nan ba mu wuce miliyan uku da ƴan kai ba, yau mun haura miliyan 25. In kowane gida ya ce yunwa ce ta sa ya kafa tarko, a shekara biyu ko kurege ba za ka gani ba. Raƙuman dawa na Kure sun ragu har suka koma 49 a 1996. Da aka tsaya aka tsare su, yau sun haura 600, har an ɗebi 8 an kai Gadabeji a 2018. Ba addu'a kaɗai ta dawo da su ba, doka ce da mutanen da suka kwana a daji. Kuma dokarmu ta farauta ta 1998 ba ta rataye kowa, tara ce da ɗauri. Kada a haɗa mu da Turawan 1723.

Nana Aisha (ɗalibar shari'a):
Baba Isufu, ba wanda ya ce ku ne Turawan 1723. Amma ina da tambaya da girmamawa. A shekarun nan 31, mutum nawa ka kama masu keke da jaki, nawa kuma masu manyan motocin nan kat-kat?

Isufu Tsohon Gandun Daji:
Ƴata, kin yi tambayar da na daɗe ina yi wa kaina. Masu jaki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ba zan yi miki ƙarya ba.

Ɗan Baka (Tanut):
To ka ji. Baba Isufu Allah ya saka maka da faɗin gaskiya. Mariri da kakannina suke gani garke-garke a Damargu, a shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu saura a daji a duk duniya, sai da aka dawo da wasu ƙasar Cadi daga gidajen kiwo a 2016. Ita ma dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho ta Tarmit da Tin Tumma, wadda Nasara ke kira addax, da aka yi ƙidaya ta jirgin sama da ta ƙasa a 2016 guda 3 aka gani, alhali an ayyana wurin gandun kariya tun 2012. Mai kwari da baka ne ya yi wannan? Mota ce da bindiga mai sarrafa kanta, a bi dabba a guje har zuciyarta ta buga. Haka baƙin nan masu kuɗi da ke zuwa da shaho su share tuje. Jimina ma, tun ƙarni na 19 fataucin gashinta zuwa Tarabulus ya fara cin ta, ayarin yana tashi daga unguwar Zango ta Damagaram. Yau in kana son ganin jiminar ƙasar nan sai ka je wuraren kiwonta irin na Kelle.

Malam Sani (Zango):
Bismillah. Mushe ya yi tambaya ta fiƙihu, bari in ba da abin da na sani. A shari'a naman daji halal ne ga kowa, ba shi da mai shi sai wanda ya kama shi. Saboda haka wanda ya kama zomo a daji ba a kiransa ɓarawo, don sata ita ce ɗaukar dukiyar wani daga ma'ajiyarta a ɓoye, kuma sai ta kai rubu'in dinari ko dirhami uku kafin a yi maganar haddi. A cikin Risala da muke karantawa a zaure an ce farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Ku lura da kyau, dokar Ingila ta kifar da wannan ne: ta halatta wa mai wasa, ta haramta wa mai yunwa.

Shugaba yana da ikon keɓe wuri don maslahar jama'a, shi ne ake kira hima, kuma bin wannan umarni wajibi ne. Wannan hujja ce ga Alhaji Isufu. Amma dubi yadda Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi da ya keɓe makiyaya. Ya umarci mai gadin wurin, Hunayyu, ya bar mai ƴan raƙuma kaɗan da mai ƴan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino da za su koma gare su, talaka kuwa ƴaƴansa zai kwaso ya zo ƙofar shugaba yana kuka. Yana nan cikin Muwaɗɗa. A can ne kuma aka kawo labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da Umar ya gane ubangidansu na barin su da yunwa, bai yanke hannunsu ba, sai ya sa Haɗib ya biya ninkin kuɗin taguwar, dirhami 800 maimakon 400. A shekarar yunwa ma da ake kira shekarar toka bai zartar da haddin sata ba.

Wannan ba lasisi ba ne ga kowa ya afka wa daji. Wanda ya kashe ko ɗan tsuntsu ba bisa haƙƙi ba za a tambaye shi ranar gobe.

Hajiya Rabi (Mirya):
Allah ya gafarta Malam, ka sa na tuna kakata. Ita ta ga Kakalaba tana ƴar yarinya, yunwar 1914. Takan ce mana da hatsi ya ƙare sai suka koma tonon gidan tururuwa suna kwashe ƴan ƙwayoyin da suka tara, suna sussukar ƙarangiya, suna jiƙa anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Yayanta namiji shi ke fita da kare ya kamo damo ko bushiya, ranar da ya samo guza kuwa kamar salla ce a gidan. Ta ce duk da haka ba a ɗaga musu lanho, wato haraji, ba.

Ni kuma na ga ta 1984 da idona, wadda muke kira El Buhari. Ina da goyo a lokacin. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sassaro reshen gawo a gonarmu don awaki biyu da suka rage mana su samu ganye. A gonarmu fa, gawon da mahaifinsa ya bari. Aka zo aka ce ya taɓa icen gwamnati, aka ci shi tara, sai da muka sayar da akuya ɗaya muka biya. Ɗayar ta mutu bayan sati uku. Ranar da ya dawo daga biyan tarar bai ci tuwo ba, ya zauna bakin rumbu har dare ya raba. Daga shekarar duk ɗan gawon da ya tsiro a gonar da kansa yake tuge shi tun yana ƙarami, ya ce ba zai rena abin da zai jawo masa kaso ba.

Abdu Magarya:
Inna Hajiya, wallahi haka mahaifina ma yake yi. Allah ya jiƙan magabata.

Nana Aisha (ɗalibar shari'a):
Amin. Amma kada mu ɗora komai a kan Nasara. Ai tsofaffi na ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya yi doka duk wanda ya sare gawo a fille masa kai, wanda ya sassare shi a yanke masa hannu. In haka ne, ina bambancinsa da Baƙar Doka? Can rai a kan barewa, nan rai a kan itace.

Mushe Laminu (Birni):
Nana kin yi daidai da kika kawo wannan, don bai kamata mu wanke namu mu shafa wa wasu baƙi ba. Hukunci a Damagaram ta da ba wasa ba ne. Baturen Ingila Richardson da ya sauka a garin nan a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ake kashe masu laifi da yadda ake kai hari ƙauyukan da ke ƙarƙashin sarki a kamo mutane a sayar. Talakan ƙauye na wancan zamani ba a inuwa yake kwance ba.

Bambanci ɗaya nake gani. Gawo amfaninsa na manomi ne: yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ganyen ya zama taki, ƴaƴansa abincin dabbobi ne da rani. Wanda ya hana sare gawo ya tsare cikin talaka ne, ko da hanyar ta yi tsanani fiye da kima. Barewar Windsor kuwa gonar talaka take ci, kuma an hana shi ko korarta da kare. Amma a ganina wannan bai halatta ran mutum a kan itace ba, kuma ban ga inda Malam zai samo mana nassin da ya yarda da haka ba.

Malam Sani (Zango):
Babu shi, Mushe. Ta'aziri ne iyakar abin da shugaba ke da shi a irin wannan, gwargwadon laifi.

Mushe Laminu (Birni):
Madalla. Sai in ƙara abu ɗaya kan yadda dokar Turai ta iso gonar Hajiya. A Faransa dokar ruwa da dazuzzuka ta 1669, zamanin Luwi na 14, ta hana talakawan da ba su da gandun sarauta farauta. Zomaye da tattabarun masu sarauta suna cinye amfanin gona, har ya zama cikin manyan koke-koken manoma a 1789, kuma a daren 4 ga Agusta na shekarar aka soke wannan gata. A Jamus ma tun 1525 manoman da suka yi tawaye sun sa ƴancin farauta da kamun kifi cikin buƙatunsu 12. To Faransawan da suka karɓi Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini, abin da kakanninsu suka yi tawaye a kansa shi suka shimfiɗa mana. Dokar daji ta 1935 ta Afirka ta Yamma ta keɓe dazuzzuka, ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, ƙasar da suka ce ba mai ita kuwa ta koma ta hukuma. Bayan 1960 muka gaji tsarin kusan yadda yake.

Abdu Magarya:
Ni ba ni da ilimin tarihi irin naku, amma ina da gona. Bayan El Buhari ƙasarmu ta zama fili fetal, iska na binne shuka sai an yi biyu ko uku. Abin da ya sauya shi ne da aka daina bin mu da tara a kan icen gonarmu, mutane suka ga in sun rena itace nasu ne. Sai kowa ya fara barin kututture ya toho, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka sassabe sauran. Yau ka bi hanyar Magarya, Matamai zuwa Mirya ka ga gawo iya ganinka. Masu bincike sun ce fili ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin ƙasar nan. Takobin Tanimun bai shuka su ba, tarar gwamnati ma ba ta shuka su ba. A gonata akwai 43, na san kowanne, kuma wanda ya zo da gatari da dare ni zai fara gamuwa da shi kafin wani ma'aikaci.

Isufu Tsohon Gandun Daji:
Abdu, a kan itace na sallama maka, don da idona na ga sauyin. Ni kaina na rubuta takardun tara irin wadda Hajiya ta faɗa, ba ɗaya ba ba biyu ba. Hajiya, ban san ko wane ne ya zo gonarku ba, amma ina roƙon ki yafe mana. Sai dai dabba ba itace ba ce. Gawo yana tsaye a gonarka, barewa kuwa yau tana Tanut gobe tana Tasker. Wa zai ce tasa ce har ya tsare ta? A nan dole sai da hukuma. Abin da ya yi aiki a Kure shi ne mutanen ƙauyukan sun samu rabo, ƴaƴansu ne suka riƙa yi wa baƙi jagora ana biyansu. In za a yi haka da maharban Damargu, a ɗauke su aikin tsaron daji tunda sun fi kowa sanin sawu, ni zan fi kowa murna.

Hajiya Rabi (Mirya):
Alhaji na yafe, duniya da lahira. Aiki aka sa ku. Mushe, yaron nan da ka gani, ka ce a hanyar Mirya ne? Wajen ina?

Mushe Laminu (Birni):
Kafin a shiga gari kaɗan, Hajiya, ta wajen lambuna. Baƙin keke ne mai jan buhu a baya, yaron dogo siriri.

Hajiya Rabi (Mirya):
Ranar Lahadi kasuwa ce, masu keke daga ƙauyukan wajen duk suna shigowa. Zan sa jikana ya tambaya wajen masu sayar da kaji. In an same shi zan sanar da ku a nan, mu ga abin da za mu haɗa na maganin uwar.

Ɗan Baka (Tanut):
Ku sa ni ciki, kuɗi jika biyu daga wurina. Baba Isufu, in an gano inda aka kai maganarsa, kai ka san hanyar ofis, ko za ka raka shi?

Isufu Tsohon Gandun Daji:
Zan raka shi in sha Allah. Hajiya ki kira ni ko da dare ne.